Ɗan dutsen Pylos da ɗaliban da ke tankaɗe ƙasa

A watan Mayun 2015 ayarin masu tonon kayan tarihi na Jami'ar Cincinnati ta Amurka, ƙarƙashin Jack Davis da Sharon Stocker, ya sauka a Pylos da ke kudu maso yammacin Girka. Filin da suka yi niyyar tonawa bai samu ba, sai suka koma wata gonar zaitun kusa da kangon fadar Nestor, sarkin Pylos a tatsuniyoyin Girkawa. Nan suka ci karo da kabarin wani mayaƙi da aka binne wajen shekara 1450 kafin haihuwar Annabi Isa, ɓarawo bai taɓa shi ba. Ga takobi, ga zobba huɗu na zinare, ga madubin tagulla, har da matajan hauren giwa.

Jaridu suka yi ta yayata zinaren. Ni kuwa abin da ya tsaya min a rai wani ɗan dutse ne da bai kai santimita huɗu ba. Farar ƙasa ta lulluɓe shi, kallon farko ka ce dutsen ado ne kawai. Sai da aka kwashe kusan shekara ana kankare shi a hankali, sannan a 2017 duniya ta ga abin da ke jikinsa: jarumi ya caka wa abokin gaba takobi a wuya, wani kuma yana kwance matacce a ƙarƙashinsu, an fitar da jijiyoyin dantse da zanen da ido ba ya iya gani sosai sai da madubin ƙara girma. Da mai gaggawa ne ya tono kabarin, da wannan dutse ya bi baro zuwa juji.

Shi ya sa nake jin haushi idan aka ce kai ɗalibai tono a Girka yawon buɗe ido ne da kuɗin jami'a. A tsohuwar kasuwar Atina, inda cibiyar Amurkawa ke tono tun 1931, ɗalibi kan yi sammako ne don gudun rana, ya durƙusa da cokalin magina da buroshi, ya tankaɗe ƙasa a rariya, ya wanke tsingaro, ya rubuta zurfin da aka samu kowanne. Aikin akwai gundura, ba a musu. To amma tono ɓarna ce da ba ta gyaruwa, ƙasar da ka ɗaga ba ta komawa yadda take. Abin da ba a rubuta ba ya tafi ke nan. Bajamushe mai tonon kayan tarihi Heinrich Schliemann ya nuna mana haka a tudun tsohon birnin Troy, a Turkiyya ta yau, cikin shekarun 1870, ya tsaga tudun da wawakeken rami saboda ɗokin isa ƙasa, ya rushe gine-ginen zamanin da yake nema.

Inda masu suka ke da gaskiya shi ne maganar kuɗi. Tikitin jirgi da kuɗin rajista na wasu shirye-shiryen sun fi ƙarfin ɗan talaka, sai fagen ya zama na masu hali. Dokar Girka ta hana fitar da abin da aka tono, kuma hakan daidai ne, sai dai yana nufin dole mai son koyo ya je can da ƙafarsa. Jami'ar da ke buga hoton zoben zinare a mujallarta, ta daure ta biya wa ɗalibi mai rariya kuɗin jirgi, ta kuma riƙe albashin wanda zai zauna shekara guda yana kankare dutse ɗaya.