Ƙidayar masu rai a makwancin matattu

A kowane watan Yuni, tun daga shekarar 2021, mutane a Ingila da Wales kan shiga harabar coci-coci da tsofaffin makabartu riƙe da littafi da alƙalami ko wayar hannu, suna rubuta duk tsiro da tsuntsu da ƙwaron da suka gani. Ƙungiyar Caring for God's Acre, wadda ta samo asali a yankin Shropshire, ita ce kan gaba a wannan aiki tare da Cocin Ingila da Cocin Wales, kuma abin da aka tattara yana shiga rumbun bayanan halittu na ƙasar. Wanda ya ji labarin daga nesa zai iya cewa wannan aikin marasa abin yi ne, ko ma rashin ladabi ga mamata. Ni kuwa ina ganin akasin haka.

Dalilin yana cikin tarihin ƙasar noma. An ƙiyasta cewa Birtaniya ta rasa kusan kashi 97 cikin 100 na filayen ciyawa masu furannin daji tun daga shekarun 1930, saboda garma da takin zamani da maganin feshi. Makabarta kuwa ba a nome ta, ba a zuba mata taki, wata ma ta shafe shekaru ɗaruruwa a killace, don haka tsirran da suka ɓace daga gonakin da ke kewaye suka samu mafaka tsakanin kaburbura, su da ƙudan zuma da bushiya da jemagu. Akwai kuma wani nau'in gansakuka mai manne wa dutse, wanda masana suka samu ɗaruruwan irinsa a kan duwatsun kaburbura, kuma da yake kowane dutse yana ɗauke da shekarar rasuwar mai shi, ana iya auna saurin girman tsiron cikin sauƙi. Hatta bishiyar da ake ganin tana cikin mafi tsufa a ƙasar, wadda Turawa ke kira yew, a harabar cocin Fortingall da ke Scotland take, kuma ana ba ta shekaru fiye da 2,000.

Sai dai masu ƙorafi ba su rasa hujja ba. Matar da ta zo ziyarar kabarin mijinta ta tarar da ciyawa har gwiwa ba za ta ga kare halittu ba, sakaci za ta gani, kuma babu wanda ya isa ya raina ɓacin ranta. Amsar da masu aikin ke bayarwa ta gamsar da ni: a share hanyoyi da sashen sababbin kaburbura, a bar tsohon sashen da ba a cika ziyarta ba har furanni su zubar da iri kafin a yanke. Ba za a iya wannan rabo ba sai an san abin da ke kowane lungu, wato sai an yi rubutun tukuna.

Haka batun yake ga tarihin mutane. Ruwan sama da sanyi suna cinye rubutun da ke kan dutse, sunan da ba a kwafa ba kuwa idan ya goge ya tafi ke nan. A makabartar Brookwood da ke Surrey, wadda aka buɗe a 1854, aka binne Marmaduke Pickthall a 1936 da Abdullah Yusuf Ali a 1953, malaman da suka fassara Alƙur'ani zuwa Turanci, kuma ɗalibai da yawa a ƙasar Hausa sun amfana da aikinsu. Da ba a adana bayanan wurin ba, da wuya baƙo ya gane inda suke kwance.

Al'adarmu ta bambanta, domin ba mu saba kafa dutse mai suna a kan kabari ba, amma wannan ne ma ya sa tsofaffin makabartunmu suka fi rauni idan gari ya bunƙasa, masu neman fili suka matso. Kwamitocin unguwa da ke kula da su za su iya farawa da auna iyaka, da ƙirga kuka da tsamiya da darbejiyar da ke ciki, da zama da dattawa a rubuta wanda suka san an binne a kowace kusurwa, a ajiye kwafi ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya a masallaci.