Dogon hutu ya zo, a koya wa matasanmu zane

Tun da aka rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, allunan tallar lesin hutu suka cika titi daga Tudun Wada har Sabon Gari, kuma kusan dukkansu haja ɗaya suke tallatawa, wato Lissafi da Turanci da shirin jarrabawar WAEC da JAMB. Ban raina waɗannan darussa ba, amma yaron da ya shafe zango uku yana kwafar abin da ke kan allo bai cancanci a mayar da shi kan benci ya ƙarasa hutunsa da kwafa ba. Ra'ayina shi ne a ware makonni uku ko huɗu a shirya wa 'yan shekara 13 zuwa 18 zaman koyon zane da aikin hannu, kuma Zariya ce garin da ba shi da uzurin ƙin yin haka.

A shekarar 1958, wasu ɗalibai na kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ƙi yarda a koya musu zanen Turawa zalla, suka ce kowa ya ɗebo daga gadon gidansu ya gauraya da dabarun zamani. Waɗannan samari daga Kudu suka zo, suka yi suna a duniya da sunan garinmu, amma yau ɗan Ƙofar Doka yakan gama sakandare bai taɓa leƙa sashen koyar da zane na jami'ar da ke Samaru ba, alhali kuɗin mota ɗaya ne tsakaninsu.

Gadon namu kuwa ya girmi kwalejin nesa ba kusa ba. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizon da masana gine-gine ke zuwa kallo har yau. Akwai zanen da magina ke yi a fuskar zaure, akwai aska takwas da aska biyu a wuyan babbar riga, akwai rinin baba, akwai zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hannu a ƙofar gida ya ga yadda ake fara zana fasalin a kan yadi kafin allura ta shiga, ya san cewa wannan zane ne cikakke, mai buƙatar awo da natsuwa. Wannan ma ita ce amsata ga iyayen da ke ɗari-ɗari saboda batun zanen abu mai rai: damuwarsu tana da tushe a addini, kuma ana iya cika wata guda da darasi ba tare da an zana fuskar kowa ba.

Shi ya sa ba na son a miƙa shirin ga 'yan jami'a kaɗai. A haɗa ɗalibin Samaru da ya iya fenti da zane a kwamfuta da dattijon magini ko maɗinki daga cikin ganuwa, a biya kowannensu haƙƙinsa, domin yaro ya ga cewa dagin da ke bangon kakansa shi ne wanda ake bugawa a jikin riguna ana sayarwa. Kada kuma a bar 'yan mata a baya. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ginin tukwane ne ya kai ta wannan matsayi, kuma jami'ar nan tamu ce ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Ɗan yayata ya taɓa shan bulala a makaranta saboda ya cika bayan littafinsa da zanen ƙofofin gari, malamin yana cewa ɓata takarda yake yi. Na ga zanen, kuma na gane kowace ƙofa ba tare da an gaya mini sunanta ba.

Tsarin ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Ajujuwa a rufe suke, ba mai amfani da su, sai a nemi izinin hukumar makaranta. A fara ƙarfe tara a tashi kafin azahar, don kada a shiga lokacin Islamiyya, a kuma yi uzuri ga yaran da ke taya iyayensu aikin gona, tunda hutun namu a tsakiyar damina yake faɗowa. Aikin yumɓu a fara shi a makon farko, saboda danshin Agusta ba ya barinsa ya bushe da wuri. A ranar ƙarshe a jera ayyukan yaran a farfajiya, a gayyaci iyaye da mai unguwa, wanda ya ga abin da ya burge shi ya saya, kuɗin kuma a danƙa wa yaron da ya yi aikin a hannunsa.