Yashi a tsakiyar layi, tirela a bakin titi: wa ya ba da izini, kuma zuwa yaushe?

A unguwarmu akwai wani layi da tifa ta juye yashi a bakinsa tun kafin azumi. Aka yi ƙaramar Salla, aka yi babba, yashin na nan. Damina ta sauka ta kwashe rabinsa ta cusa a kwalbati, ragowar kuma yara suka mai da shi filin wasa. Mai ginin mutumin kirki ne, sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci. Kuɗi ne suka yanke masa da ginin ya kai linta, kamar yadda suke yanke wa kowa tun da siminti ya fi ƙarfin talaka. Amma yau wata biyar ke nan duk mai mota sai ya zagaya ta bayan Islamiyya, kuma daren da naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu, riƙo ta aka yi a ƙafa har bakin titi, domin ɗan adaidaita ya ce ba zai iya shiga ba.

Babu wanda ya kai ƙara. Kunya ta hana, maƙwabtaka ta hana, sannan da yawanmu ba mu ma san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Duk wanda ke zirga-zirga a Kano ya san wannan labari da irinsa. Motar haƙa rijiyar burtsatse ta tsaya kwana uku a tsakiyar layi tana zubar da taɓo. Injin kwaɓa kankare da tulin bulo da rodi a gefen kwalta. Bakanike ya jera motocin da suka shekara ba su motsa ba, tayoyinsu sun nutse a ƙasa. Kanofin biki da kujerun roba tun daga Juma'a har Lahadi. Sai babbar matsalar, manyan motoci: masu jiran lodin hatsi a kan hanyar Katsina wajen Dawanau, da masu sauke kaya a kewayen Singa da Kantin Kwari da rana tsaka. Idan tirela ta lalace kuwa, alamar da muka sani ita ce yaron mota ya karyo ganye ya watsa a kwalta. Da rana ana ganin ganyen. Da daddare, a titin da fitilunsa ba sa kamawa, mai babur ba ya ganinsa sai ya ji shi a ƙarƙashin taya, sannan ya ga bayan tirela.

Ba hukumomi muka rasa ba. Akwai KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, wadda aka kafa a 2012 zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Akwai KNUPDA mai ba da izinin gini da kula da tsarin birni, akwai REMASAB ta kwashe shara, akwai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da ke aiki tun 1988, ga 'yan sanda, ga ƙananan hukumomi takwas da suka raba cikin birnin. Tulin yashi guda ɗaya ya shafi kusan dukkansu: kayan gini ne, ya tare hanya, kuma ya toshe magudanar ruwa. Jakin da masu shi suka yi yawa kuwa, kura ce ke cinye shi.

A ganina kuskurenmu shi ne muna kallon lamarin ta fuska biyu kawai, ko a hana ko a kau da kai. Hanin baki ɗaya ba zai yiwu ba. Wanda ke gyaran gida a lungunan Dala ko Fagge ko Gwale ba shi da farfajiyar da tifa za ta shiga. Dole yashinsa ya sauka a waje. Ɗan kasuwa dole ya sauke kayansa, rijiya dole a haƙa ta tunda famfo ya ƙi kawo ruwa. Idan doka ta hana abin da kowa ya san dole a yi shi, ba ta hana komai ba, kawai ta buɗe ƙofar ciniki a bakin titi. Mai hali ya ba da na goro ya ci gaba da harkarsa, marar hali a janye masa mota ko a kwashe masa teburi. Mutanen layi, waɗanda su ne ke shan wahalar, babu mai tambayarsu.

Abin da ya kamata shi ne izini na ɗan lokaci, mai sauƙin samu, wanda kowa zai iya karantawa. Takarda ɗaya da aka manna a jikin katangar ginin ko gilashin motar, ɗauke da sunan mai kayan da lambar wayarsa, da ranar da aka fara, da ranar da za a kwashe. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. A Ingila, dokar hanyoyi ta 1980 ta ce ba a ajiye kwandon ƙarfe na zuba ɓaraguzan gini a kan titi sai da izinin hukumar da ke kula da hanyar, kuma dole a rubuta sunan mai shi a jiki, a haskaka shi da dare. Babu wata fasaha a ciki da ta gagare mu. Amfanin ranar ƙarewa shi ne tana cire kunya daga tsakanin maƙwabta: ba ni ne na ce ka kwashe ba, Alhaji, takardarka ce ta ce.

Sharaɗin da bai kamata a sassauta ba shi ne faɗin hanyar da za a bari. A nan ma ba sai mun yi aro daga nesa ba. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce idan aka yi saɓani kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, wato mita uku da ɗoriya. Motar 'yan kwana-kwana faɗinta kusan mita biyu da rabi ne. Garin da ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da minti goma na jinkiri ke nufi. Malamanmu kullum suna karanta mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yanki ne na imani. Da za su riƙa ambaton tifa da kanofi da sunansu a huɗuba, da saƙon ya fi shiga.

Ko a yanzu muna da misalin tare hanya mai tsari, ba mu dai lura da shi ba ne. Ranar Juma'a ana rufe wasu tituna a kusa da masallatai. Kowa ya san lokacin, 'yan agaji suna nuna wa masu mota inda za su bi, ana sallamewa a naɗe tabarmi a buɗe. Ana iya ƙorafi a kai, amma ba wanda ya taɓa kwana a hanya saboda ita. Mai biki ma abin da ake nema daga gare shi ke nan: awa nawa, ta ina za a zagaya, wa zai share wurin.

Na san abin da mai karatu zai ce: wata sabuwar hanyar tatsar talaka ce. Tsoron nan yana da tushe. 'Yan adaidaita sahu sun ajiye aiki a Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 na kullum, suka sake a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta izini, duk garin ya koma tafiya a ƙafa. Saboda haka idan aka mai da wannan izini hanyar cika baitulmali, ya mutu tun kafin a haife shi. Makon farko ya zama kyauta ko kusa da kyauta, da sa hannun mai unguwa, wanda ya san layin fiye da kowane ma'aikacin ofis. Kuɗin ya fara hawa ne idan aka nemi ƙarin lokaci, ya ninka idan aka sake nema, a biya a asusun banki a karɓi rasit, ba a hannu ba. Ba yashin ake cin tara ba, daɗewarsa.

Manyan motoci kuwa takarda kaɗai ba za ta raba su da bakin titi ba. Direban da ya taso daga Legas ya kwana uku a hanya ba za a ce masa kada ya tsaya ba tare da an nuna masa inda zai tsaya ba. Wanda ya bi ta Tafa ko Mararrabar Jos ya ga abin da rashin tasha ke haifarwa. A Apapa ta Legas sai da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo tsarin Eto a Fabrairun 2021, inda mota ke jira a wurin ajiya har a kira ta. Gosulon ya ragu, ko da yake direbobi ba su daina kokawa kan masu karɓar kuɗi a hanya ba. Kano ta buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, kuma duk ranar da ta kama aiki sosai tireloli ƙaruwa za su yi. Filin ajiye su a kan hanyoyin Zariya da Katsina da Haɗeja da Maiduguri, mai ruwa da masallaci da tsaro, tare da sanannen lokacin shiga kasuwa, ya fi janwe goma amfani.

Sannan doka ta fara hawa kan masu ita. Ɗan kwangilar gwamnati da ya fasa titi ya bar katafila da tulin jar ƙasa babu fitila babu allon gargaɗi, shi ma ya manna takardarsa da ranar gamawa. Babban mutumin da ya dasa durom da ƙarfe a gaban gidansa ya cinye rabin kwalta, shi ma haka. Idan mai shayi ya ga an kwashe masa benci an bar waɗannan, ba zai taɓa yarda cewa hanya ake karewa ba, kuma yana da gaskiya.

Makon jiya mun je wurin mai unguwa mu huɗu. Ya saurare mu, ya ce zai yi wa Alhaji magana, kuma na tabbata ya yi, domin washegari an zo da shebur an tattare yashin gefe guda har adaidaita ta fara wucewa da ƙyar. Shekaranjiya da safe wata tifar ta juye tsakuwa a inda aka share.