Tabkunan Kashmir: wa ke ɗauke da kayan, wa ke da hurumin?

Jama'a, akwai wata tafiyar ƙafa a Kashmir da kamfanonin yawon buɗe ido na Indiya ke tallatawa ba ji ba gani, har wasu ɗalibanmu da ke karatu can sun fara tara kuɗinta. Ana tashi daga Sonamarg, a yi kamar mako guda ana kwana a tanti bisa tsaunuka, a sauko ta ƙauyen Naranag. Tafiyar kusan kilomita 70 ce, tabki bayan tabki: Vishansar, Krishansar, Gadsar, Satsar, sai Gangabal da ƙaramin abokinsa Nundkol a gindin dutsen Harmukh. Daga Yuli zuwa Satumba kaɗai ake samun hanya, sauran watanni ƙanƙara ce ke da wurin.

Na ji ra'ayi iri biyu a kan wannan tafiya daga mutanenmu, kuma ko ɗaya bai kwanta mini ba. Wasu sun ce me zai kai Musulmi tabkin da mabiya addinin Hindu ke tsarkakewa. Wasu kuma ba ruwansu da ko na wane ne, su dai su samu hoton da za su saka a Instagram. Ni a ganina duka biyun sun manta da mutanen da ke wurin.

Mu fara da wanda zai kai ka. Kai da ka biya kuɗi, 'yar jakar baya ce kawai a kafaɗarka, da gorar ruwa da rigar sanyi. Tanti da buhun shinkafa da tukunyar gas da bargon kwana duk suna bisa dawakai, masu dawakan kuma 'yan yankin ne, galibinsu Musulmi, da yawa daga ƙabilar Gujjar. Su ne za su kwance sansani bayan ka tashi, su wuce ka a hanya, ka iso da la'asar a gajiye ka tarar an kafa tanti, shayi na tafasa. Za ka yi ta haɗuwa da Bakarwal, makiyayan tumaki da awaki da ke hawowa da garkensu daga yankin Jammu idan zafi ya shigo, su koma ƙasa kafin ƙanƙara ta rufe mashigai, kamar dai yadda Fulaninmu ke bin ciyawa tsakanin rani da damina. Hanyar da ake sayar maka a matsayin kasada, su hanyar kiwo ce ta kaka da kakanni.

Shi ya sa idan na ji saurayi na cewa shi ba ya buƙatar jagora tunda yana da taswira a waya, sai in yi dariya. Mashigin Gadsar, inda hanyar ta fi tsayi, ya kai kimanin mita 4,200. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, bai kai mita 2,500 ba, kuma daga kusan wannan tsayi ne ciwon hawan dutse ke fara kama mutum: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, saboda iskar da kake shaƙa ta yi ƙaranci. Ba ya duba ƙarfin jiki, ɗan ƙwallo na iya faɗuwa dattijo ya wuce. Idan ya yi tsanani ruwa na iya taruwa a huhu, kuma maganinsa na farko shi ne a sauko da mutum ƙasa da gaggawa. Wa zai ɗora ka a doki cikin dare, a inda waya ba ta kamawa? Ga shi yankin na kusa da layin da ya raba Kashmir ta Indiya da ta Pakistan, sojoji na tsayar da matafiya su duba takardu. Baƙon da bai san harshe ba, bai san wanda zai tsaya masa ba, ya ɗauko wa kansa dala ba gammo.

Sai maganar tsarkin wurin, wadda ita ce ta sa ni wannan rubutu.

Gangabal yana kan tsayin mita 3,500 da 'yan kai. Hindun Kashmir, waɗanda ake kira Pandit, suna ɗaukarsa da darajar kogin Ganga, kogin da Hindu suka fi tsarkakewa, suna kuma ɗaukar Harmukh a matsayin mazaunin abin bautarsu Shiva. A can suke zuba tokar mamatansu. Duk shekara wajen Agusta ko Satumba suna hawowa ziyara daga Naranag, inda har yau kufan haikalin dutse na ƙarni na 8 ke tsaye. Mafi yawan Pandit sun bar kwarin Kashmir a farkon shekarun 1990 lokacin da rikici ya ɓarke, ziyarar ta yi rauni sosai kafin a sake farfaɗo da ita. To wa ke ba su dawakai, wa ke riƙe linzamin tsohuwar da ba ta iya hawa da ƙafa? Musulmin ƙauyukan nan ne. Ba su yarda da Shiva ba, ba su kuma daina salla ba. Sana'arsu suke yi, suna kuma mutunta maƙwabci.

Wannan shi ne matsayin da nake ganin ya dace da duk ɗanmu da zai je. Babu wanda ya ce ka yi imani da abin da suke faɗa game da ruwan, balle ka shiga ibadarsu. Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda Allah Ya fara halitta, kuma a Suratul An'am, aya ta 108, ya hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili isasshe. Ka shimfiɗa dardumarka a gefen tanti ka yi sallarka, ka dubi ikon Allah. Amma kada ka shiga da sabulu inda mutum ya zuba tokar mahaifinsa, kada ka kunna kiɗa a bakin ruwan, kada ka ɗauki mai ibada hoto ba ka tambaye shi ba. Wannan ba fatawa ba ce, ni ba malami ba ne. Tarbiyya ce kawai, irin wadda ake koya wa yaro idan zai shiga gidan mutane.

Abin haushin ma, ba masu ibada ne suka fi ɓata wuraren nan ba, kuma ba makiyaya ba ne. 'Yan yawon buɗe ido ne masu ilimi, masu takalmin hawa mai tsada. Tunda tafiyar ta yi suna, ayari kan ayari ke kwana a fili ɗaya, ana barin ledar biskit da robar ruwa, ana haƙa bayan gida kusa da rafi. A wannan sanyi abu ba ya ruɓewa da wuri, ledar bana za ta jira baƙon baɗi. Ruwan Gangabal kuwa ba tsaye yake ba, yana gangarawa ta rafin Wangath zuwa kogin Sind, daga nan ya shiga Jhelum, mutane na sha a ƙasa. Ko kifin trout, kifin ruwan sanyi da ke cikin tabkunan, wanda Turawan Ingila suka kawo Kashmir wajen 1900, sai da lasisi ake kama shi, amma wani zai zo da ƙugiya a aljihu ya ce ai daji ne.

Saboda haka kafin ka biya kowane kamfani, ka yi masa tambayoyin da ba ya so. Mutum nawa ne a ayari? Sharar da aka tara, ana saukowa da ita ko ana binnewa? Masu dawakai a ina suke kwana, kuma nawa ake ba su? Idan kuɗin ya yi araha fiye da kima, to daga haƙƙin mai doki aka zabge, ba daga ribar mai ofis ba.

Kuma a bincika halin tsaro tukuna. Bayan harin Pahalgam na 22 ga Afrilu 2025, inda aka kashe mutum 26, hukumomi sun rufe wuraren yawo da dama da hanyoyin hawan dutse a Kashmir. Cikin waɗanda aka kashe ranar akwai wani mai doki Musulmi ɗan yankin, wanda ya fito neman abincin iyalinsa. Baƙi sun soke tikiti sun koma wasu tsaunukan, masu dawakai kuwa suka zauna da dabbobin da sai an ciyar da su ko da aiki ko babu. Duk wanda Allah Ya nufa ya je, ya ware kuɗin sallamar mai doki daban tun daga gida, ya kuma damƙa masa hannu da hannu, kada ya bi ta kamfani.