Da ƙafata na je neman wa 'ya'yana rigakafi, aka mayar da ni abin dariya

Ranar Talata ƙarfe bakwai saura na fita daga Samaru, goye da ƙaramin, manyan biyu na riƙe da gefen hijabina. Ba sai na gaya wa ɗan Zariya yadda layin yankar kati yake a babban asibiti ba, ko yadda wannan taga ke tura ka waccan, waccan ta dawo da kai inda ka fito. Shekara da shekaru muna haɗiye wannan. Na haɗiye shi ranar da nake naƙuda aka ce sai an sayo safar hannu, na haɗiye shi daren da zazzaɓi ya sa ɗana jijjiga aka ce likita ya fita. Na ranar Talata ne ya tsaya mini a wuya.

Abbansu yana digiri na uku a Malesiya, a jihar Sarawak, kuma a ranar saura kwana 40 mu bi shi. Katin rigakafin shawara mun riga mun yi, don ba a shiga ƙasar daga Najeriya sai da shi. Shi ne ya turo mini takardar wani likita a can, cewa a yi wa yaran allurar zazzaɓin kumburin ƙwaƙwalwa na Japan kafin su iso. Allura biyu ce, kwana 28 tsakaninsu, kuma ana so a gama ta biyun da aƙalla mako guda kafin tafiya. Kwana 35 ke nan. Kowace safiya lissafin da nake tashi da shi ke nan.

Sai wajen sha ɗaya da rabi muka kai gaban teburin ɗakin rigakafi. Na yi sallama. Shiru. Ma'aikaciyar da ke wurin waya ce a hannunta, bidiyo take kallo, sautin har waje. Na ce, "Sista, barka da aiki." Ta ɗago ido kawai, kanta bai motsa ba.

"Mene ne?"

Na yi mata bayani a nitse, na faɗi sunan cutar.

"Sanƙarau ke nan. Ki dawo lokacin alhazai."

"A'a Sista, ba sanƙarau ba ne. Wannan sauro ke kawo shi."

"To maleriya ce. Ki saya musu gidan sauro."

Na miƙa mata takardar da hannu biyu. Wallahi ba ta karɓa ba. Bakin biro ta sa ta turo mini ita, kamar wani abu ne mai ƙazanta. Sannan ta juya wajen abokiyar aikinta ta ce, "Kin ji, Japan za su. Mu da ko Kaduna sai mun yi adashi." Suka bushe da dariya. Na ce ba Japan ba ce, sunan cutar ne kawai, kuma idan babu allurar a nan, don Allah ta gaya mini inda zan nufa. Ta ce, "Hajiya, mai kuɗin jirgin mutum huɗu ai ba ya tambayar hanya. Ki je can a yi muku. Nan asibitin talakawa ne. Na gaba!"

Babbar 'yata, shekararta bakwai, ta ja hijabina ta ce, "Umma, laifi muka yi?" Wannan tambayar ce ta hana ni barci.

Ban ce dole a ajiye wannan allura a Zariya ba. Cutar ba tamu ba ce, ta ƙasashen Asiya da yammacin tekun Pasifik ce, ƙasashe 24 a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da na roƙa amsa ce ta ɗan Adam: babu, amma gwada wuri kaza. Kuma ba iyayi ne ya kai ni ba. Sauron da ke yaɗa ta a ruwan gonakin shinkafa yake hayayyafa, ya ciji alade ko tsuntsun ruwa irin zalɓe, ya ɗauko ƙwayar ya zuba wa mutum, galibi daga faɗuwar rana zuwa asuba. Yawancin waɗanda ya ciza ba sa ma sanin sun kamu. Amma wanda ta hau wa ƙwaƙwalwa, kusan ɗaya cikin 250, ba ta da magani, sai dai jinya da addu'a. Takan kashe har uku cikin goma na irin waɗannan, kuma da yawa cikin waɗanda suka tashi da shanyewar jiki, ko farfaɗiya, ko rashin magana suke ƙarasa rayuwa. Yara ta fi kamawa. A Sarawak tun 2001 aka sa ta cikin rigakafin da ake yi wa kowane jariri. Wato yaran maƙwabtan da 'ya'yana za su yi wasa da su duk an kare su, nawa ne za su sauka fayau.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mu ne fa ake nunawa da yatsa a duniya cewa 'yan Arewa ba sa son rigakafi. Sau nawa aka buga mana ƙofa don ɗigon shan inna, aka shafa wa yaro tawada a farce, aka rubuta lamba da alli a bangon gida? Na buɗe kowane lokaci, har da shekarun da wasu ke ɓoye 'ya'yansu saboda tabon gwajin maganin da aka yi a Kano a 1996. Da haɗin kan iyaye irina aka kai ga ayyana kawar da shan inna daga Najeriya a 2020. Idan gwamnati ce ke so, har ɗaka ake bin mu da lallashi. Ran da uwa ta tashi da ƙafarta ta zo nema, sai a tura mata takarda da biro.

Laifin bai tsaya kan matar nan ba. Waye ya koyar da ita? Waye ya ajiye mata ko da takarda ɗaya a bango mai nuna allurar da matafiyi ke buƙata da inda ake samunta, a garin da malamai da ɗalibai ke tashi zuwa Malesiya da Indiya kowace shekara? Ƙasar nan ta taɓa haɗa rigakafin shawara da na agana da hannunta a Yaba ta Legas, aka rufe wurin a 1991 da sunan gyara, muka koma jiran na waje. A Abuja shugabannin Afirka suka taru a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, kuma mai masaukin baƙin har yau bai cika ba. Masu yanke wannan hukunci ciwon kai ma a Landan suke duba shi, 'ya'yansu ba su taɓa tsayawa gaban teburin nan ba. Mu kuma da aka bari, maimakon mu ji tausayin juna, sai hassada. Da na ba da labari a gida, wata 'yar uwa cewa ta yi, "Ke ma kin cika bin diddigi, Allah ke tsarewa." Allah ke tsarewa, na yarda, kuma Shi ne ya ba ni amanar yaran nan.

Yau Juma'a, saura kwana 37. Idan allurar farko ba ta shiga jikinsu zuwa Lahadi ba, lissafin ya rushe. Tun jiya nake kiran asibitocin kuɗi a Kaduna da Abuja, katin waya na ƙarewa, wasu ba sa ɗauka, wasu su ce in sake maimaita sunan. Abbansu ya ce idan ya gagara a yi musu a Kuching, babban birnin Sarawak, da zarar mun sauka, su yi makonnin farko ba fita bayan magariba, da riguna masu dogon hannu da man korar sauro. Na riga na sa gidan sauro uku a ƙasan akwati.