Jokerit: Ƙungiyar da aka ɗauke daga gida aka kai ta Rasha

Masu bin ƙwallon Turai a cikinmu ba su manta da watan Maris na 2022 ba, lokacin da Birtaniya ta ƙaƙaba wa Roman Abramovich takunkumi, Chelsea ta wayi gari ba ta da ikon sayen ɗan wasa ko sayar da sabon tikiti. Mun sha musu a kai a gidajen kallo. To a waɗannan makonnin akwai wata ƙungiya a ƙasar Finlan da guguwar ta fi yi wa ɓarna nesa ba kusa ba, sai dai labarinta bai iso mana ba don ba ƙwallon ƙafa take bugawa ba. Sunanta Jokerit, a birnin Helsinki, wasanta hokin ƙanƙara. Chelsea ta sauya mai gida ta ci gaba da harkokinta. Jokerit kuwa ta rasa gasar da take ciki, ta rasa filinta, 'yan wasanta suka watse, ta shekara cur babu babbar tawaga. Ni a ganina alhakin wannan yana wuyan waɗanda suka ɗauke ta daga gida tun 2013, kuma da idonsu a buɗe suka yi.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba: mutum shida-shida ne a fili har da mai tsaron raga, kowa sanye da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna zamiya a kan daskararriyar ƙanƙara, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanda mai lanƙwasa. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika minti ɗaya a fili sai ya tsallake katanga ya fita wani ya faɗo, ba tare da an tsayar da wasa ba. A Finlan, ƙasa mai mutum wajen miliyan 5.5, wannan shi ne wasan da ya fi kowanne jan 'yan kallo.

Wani ɗan kwangilar gine-gine mai suna Aimo Mäkinen ne ya kafa Jokerit a 1967. Helsinki tana da tsohuwar ƙungiyarta, HIFK, wadda ke nan tun 1897 kuma asalinta na masu magana da harshen Suwidin ne. Jokerit sai ta zama ta unguwannin gabashin birni, inda ma'aikata da sababbin zuwa suke. Hamayyar waɗannan biyun ita ce gishirin hoki a Helsinki. Jokerit ta ɗauki kofin ƙasa a 1973, daga nan ta shiga shekarun bashi da tangal-tangal, har ta faɗa rukuni na biyu a 1987.

Abin da ya fi burge ni a tarihinta shi ne ko a shekarun wahala ba ta daina rainon yara ba. Jari Kurri daga cikin yaranta ya fito. Ya tafi Kanada a 1980, ya ci ƙwallo 601 a gasar NHL ta Amurka da Kanada, wadda babu kamarta a duniya, ya kuma ɗauki kofinta, kofin Stanley, sau biyar da Edmonton Oilers. Sai Teemu Selänne, wanda yana matashi ya taimaka aka dawo da ƙungiyar rukuni na ɗaya a 1989, ya ɗauki kofi da ita a 1992, sannan ya je Winnipeg ya zura ƙwallo 76 a kakarsa ta farko. Har yau babu sabon ɗan wasan da ya kamo wannan adadi. Waɗannan mutum biyun 'ya'yan gida ne, ba da kuɗin wani aka sayo su ba.

Harry Harkimo, mutumin da ya yi suna wajen zagaya duniya a jirgin ruwa, shi ya karɓi ragamar ƙungiyar a 1991, kuma gaskiya sai a yaba masa. A hannunsa ta ɗauki kofin ƙasa a 1992, 1994, 1996, 1997 da 2002, ta ɗauki kofin Turai sau biyu a tsakiyar shekarun 1990. Shi ya gina Hartwall Areena da aka buɗe a 1997, zaure rufaffe mai cin mutum sama da 13,000. Ba zan rage masa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Amma shi ɗin ne kuma, a watan Yunin 2013, ya sayar da zauren ga hamshaƙan attajiran Rasha, Gennady Timchenko da iyalin Rotenberg, mutanen da kowa ya san kusancinsu da Vladimir Putin, ya kuma sanar cewa Jokerit za ta bar gasar Finlan ta koma KHL, gasar da Rasha ke jagoranta.

Na san hujjar masu kare wannan mataki, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa gasar Finlan ta yi wa Jokerit kaɗan, fitattun 'yan wasa suna ta gudu waje neman albashi mai tsoka, KHL ce ta biyu a duniya bayan NHL, kuma wa ya san abin da zai faru bayan shekara tara? Sannan magoya baya da kansu sun riƙa cika zauren suna kallon SKA ta Saint Petersburg da CSKA ta Mosko. Duk na yarda. Inda ban yarda ba shi ne a ce ba a ga alama ba. A watan Maris na 2014 Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukren, kuma a watan nan Amurka ta sanya Timchenko da 'yan'uwan nan biyu, Arkady da Boris Rotenberg, cikin jerin waɗanda ta yi wa takunkumi. Lokacin Jokerit ba ta ma buga wasanta na farko a KHL ba, sai da kaka ta zo a watan Satumba. Watanni shida suka samu na su sake tunani, suka ƙi.

Ku duba yadda rayuwar ƙungiyar ta koma. Magoyin bayan da a da zai hau jirgin ƙasa ya bi tawagarsa zuwa Tampere ko Turku ya kwana a gida, yanzu tawagar tana Vladivostok ko Khabarovsk, can ƙarshen gabashin Rasha, inda agogo ya riga na Helsinki da awa bakwai zuwa takwas. Karawa da HIFK, wadda uba ke kai ɗansa ya gani, ta tsaya cak. Ga kuma asarar miliyoyin Yuro duk shekara, wadda ba kuɗin tikiti ke cikewa ba, aljihun masu hannun jari daga Rasha ne. Ko da Kurri ya zama mai ƙungiyar a 2019, wani reshen kamfanin Norilsk Nickel na attajiri Vladimir Potanin ne ya riƙe kashi 40 cikin 100. Kayan aro ba ya rufe katara. Kaka takwas aka yi a haka, ko wasan ƙarshe na kofin Gagarin, kofin zakarun KHL, ba a taɓa kaiwa ba.

Akwai abu ɗaya da nake so a riƙe daga wannan zamani. A watan Satumban 2020 an tsara Jokerit za ta buɗe kaka a Minsk, babban birnin Belarus, daidai lokacin da jami'an tsaro ke dukan masu zanga-zangar zaɓe a tituna. Ƙungiyar magoya bayan da ke tsayawa a kudancin zauren, masu ganga da tutoci, suka ce in aka je to sun daina shiga kallo. A ƙarshe tafiyar ba ta yiwu ba, aka ba Dinamo Minsk nasara a kan teburi. Mutanen da ke sayen tikiti da guminsu su suka fara cewa a'a, tun manyan ofis suna nuƙu-nuƙu. Wallahi wannan ya taɓa ni.

Sai 2022. Ranar 20 ga Fabrairu Finlan ta doke tawagar Rasha da ci 2-1 a Beijing, ta ɗauki zinaren Olamfik na farko a tarihin hokinta, har da kyaftin ɗin Jokerit Marko Anttila a cikin tawagar. Bayan kwana huɗu Rasha ta afka wa Yukren. Washegari Jokerit ta janye daga zagayen da za ta kara da Spartak ta Mosko, a watan Afrilu ta fice daga KHL baki ɗaya. Kamfanoni masu ɗaukar nauyi suka zare hannu, Hartwall ta cire sunanta daga jikin ginin. Zauren da Harkimo ya gina, tunda mallakar mutanen da ke ƙarƙashin takunkumi ne, aka garƙame shi sama da shekara uku. Ko wasannin gasar duniya ta 2022 da aka shirya yi a cikinsa sai tsohon zauren birnin aka mayar da su.

Wa ya biya wannan? Ma'aikatan zaure, masu sayar da abinci a ƙofa, da magoyin bayan da babu wanda ya nemi shawararsa a 2013. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda ake mallakar ƙungiyoyin wasa, can da nan. A takarda ta mutum ɗaya ce, ko kamfani, ko gwamnatin jiha kamar yawancin namu, amma ran da ta faɗi masu kuka daban ne. Kamata ya yi a ce akwai abubuwan da mai ƙungiya ba zai taɓa ba sai da amincewar magoya baya: sunanta, garinta, filinta, da gasar da take bugawa.

Abin da ya hana Jokerit mutuwa shi ne sashen yaranta, wanda bai taɓa barin Finlan ba kuma ya ci gaba da wasa a shekarar da manya suka tsaya. A 2023 wasu sababbin masu hannun jari 'yan ƙasa suka karɓe ta, cikinsu har da 'yan wasan da ta raina da kanta irin su Teuvo Teräväinen da Esa Lindell. Suka yarda a fara daga Mestis, rukuni na biyu. Ƙungiyar da ta saba da zaure mai mutum 13,000 ta koma buga wasu wasanninta na gida a ɗan ƙaramin zauren garin Kerava, arewa da Helsinki, magoya baya kuma suka bi ta can. Ta ɗauki kofin Mestis a 2025, amma ta sha kashi a wasannin neman hawa babbar gasar Finlan, don haka ta ci gaba da zama a Mestis a kakar 2025 zuwa 2026.