Masana'antun Fata na Kano Suna Kusa da Juna, Amma Labari Ba Ya Yawo Tsakaninsu

A Challawa da Sharada masana'antun jima suna jere, katanga na kallon katanga. Fatar jar akuyar Sakkwato tana shigowa Kano, majeman gargajiya da dukawa suna cikin birni, cibiyar binciken fata ta NILEST tana Samaru a Zariya. Garuruwa da yawa suna neman irin wannan haɗuwa ba su samu ba. Duk da haka, fata mai yawa tana fita ne a kai ta Italiya ko Sifaniya, can a mai da ita takalmi da jaka. A ganina, abin da ya hana sabbin dabaru fitowa shi ne kowa ya rufe ƙofarsa, ilimin da ke hannun wani ba ya isa ga wanda yake buƙatarsa.

Aibin fata tun daga mayanka yake farawa. Mahauci ya yi fiɗa da wuƙa mai tsini ya karce cikin fatar, ko a bar ta sa'o'i cikin zafi ba a sa gishiri ba har ta fara ruɓa. Ba a ganin wannan sosai sai an jiƙa ta, an cire gashi da farar ƙasa da sinadarin salfayid. Kafin nan ta bi hannun dillalai uku ko huɗu, ba wanda ya san daga wace kasuwa ta fito. Masana'anta ta rage mata daraja, mahaucin kuma gobe ya maimaita abin da ya yi jiya. Maganin ba ya buƙatar sabuwar na'ura: a sa wa kowane ɗauri alamar mayankar da ya fito, a mayar wa dillali sakamakon tantancewa, a ƙara kuɗi a kan fata marar karce. Sai dai wannan ba ya yiwuwa sai manaja ya san sarkin fawa ido da ido.

Ga wani misali da ya fi ba ni takaici. Tun watan Mayun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan sinadarin kurom mai guba, nau'i na 6, ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Kurom ɗin da ake jima da shi nau'i na 3 ne, yana rikiɗewa ya zama mai guba idan ma'aunin pH ya haura sosai (wato tsami ya ragu ƙwarai), ko an yi amfani da man laushi marar kyau, ko fatar ta sha zafi da rana. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin kariya ita ce a ƙara sinadarin jima na tsiro kamar kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari a jima ta biyu. To, majeman cikin birni da 'ya'yan bagaruwa suke aiki tun kaka da kakanni, sun san wadda ta nuna, sun san yadda take duhunta launi. Injiniyan masana'anta yana da ma'auni, majemi yana da gogewa, tazararsu 'yan kilomitoci ce, amma ba kasafai suke zama wuri ɗaya ba.

A Santa Croce da ke yankin Tuskani na Italiya, ƙananan majemu ne birjik, kuma yawancinsu ba sa yin aikin duka. Wani tsaga fata kawai yake yi, wani askewa, wani busarwa. Sun haɗa kai wajen tace ruwan datti da sake tattara kurom don a kuma amfani da shi. Makanikin da ya gyara gangar jima a nan da safe yana wata masana'anta da rana, mai sayar da sinadari ma haka, dabara tana bin ƙafarsu. Sau biyu a shekara kuma suna haɗuwa da masu saye a baje kolin Lineapelle a Milan, su ji launi da laushin da ake nema.

Na san tsoron masu masana'antunmu, kuma ba tsoron banza ba ne: ka buɗe wa maƙwabci ƙofa ya ɗauke maka kwastoma. Shi ya sa ya kamata a bambance. Haɗin rini da sunayen masu saye, kowa ya riƙe nasa. Ɗakin gwaje-gwaje, tace ruwa, horar da masu fiɗa da ƙaramar gangar gwaji mai ɗaukar fata ashirin, waɗannan a yi tarayya, domin ƙaramin kamfani shi kaɗai ba zai iya ba. Reshen Kano na ƙungiyar masu masana'antu ta Najeriya (MAN) yana da hurumin kiran irin wannan zama.

Sannan a nemi masu ɗinkin takalma na kasuwar Ariaria a Aba da na Kano a zauna da su. Su ne za su ce kaurin fatar saman takalmi ya tsaya wajen milimita 0.8 zuwa 1, launi ya zo iri ɗaya a kowane oda, kuma a yarda a sayar musu fata ɗari biyu maimakon a ce sai kwantena.